Gyaran Ɗakin Ɗinki Da Ajiyar Ƙyallaye

'Yan'uwa manoma, cikin ƙungiyoyinmu na gama kai da dama akwai sashen mata masu ɗinki, kuma waɗansunsu sun kama sana'ar bargon haɗi. Wannan shi ne bargon da ake yi da ƙananan ƙyallaye, a harhaɗa su su zama fuska, a shimfiɗa wani abu mai taushi a tsakiya, sa'an nan a rufe bayansa da babban yadi. Sana'a ce da ta dace da gidan manomi, gama jarinta kaɗan ne, kuma hunturu, lokacin da kowa ke neman abin rufa, shi ne lokacin da aikin gona ya yi sauƙi.

Amma akwai wata matsala da ke bin wannan sana'a duk inda ta je. Ƙyalle yakan shigo ɗakin ɗinki fiye da yadda yake fita. Wannan ta kawo ragowar atamfar Kirsimeti, waccan ta kawo abin da ya saura daga yadin zumuntar mata, tela ya aiko da buhu guda. Kafin shekara biyu ɗaki ya cika, an danne keke da ƙunshi, ba wanda ya san abin da ke ƙasan tarin. Ranar da aka tashi yin bargo sai a rasa abin da zai dace, ma'aji ya fid da kuɗin ƙungiya a je kasuwa a sayo sabon yadi, alhali kuwa irinsa yana cikin ɗaki gara tana ci.

Kowane manomi ya san ba a zuba gero da dawa da wake cikin rumbu ɗaya a gauraye. Ana ware iri dabam, na ci dabam, na sayarwa dabam, kuma mai gida ya san dami nawa ya sa. Ƙyallen da ke ɗakin ɗinki dukiyar ƙungiya ce kamar hatsin nan, kuma irin wannan lura yake bukata. A ware shi bisa ga abin da zai zama, a san yawansa, abin da ba zai zama kome ba kuwa a fitar da shi.

Abin da matan Alabama suka yi

A jihar Alabama ta ƙasar Amurka akwai wani ƙauyen baƙaƙen fata manoma da ake kira Gee's Bend, a wata kwanar kogi. Kakanninsu bayi ne a gonakin auduga. Matan wurin sun daɗe suna yin bargon haɗi da tsofaffin wandunan aiki da buhunan zane, domin gidajensu na katako ne, sanyi yana shiga ta ko'ina. A shekarar 1966 matan wannan yanki suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna Freedom Quilting Bee, da taimakon wani fasto na ekklesiyar Episcopal, Francis Walter, wanda ya fara sayen bargunansu dala 10 kowane ɗaya yana aikawa New York a yi gwanjonsu, kuɗin ya dawo hannun matan. A 1969 suka buɗe nasu ɗakin ɗinki.

Abin da ya shafe mu cikin labarinsu shi ne wannan. A 1972 kamfanin Sears ya ba su kwangilar ɗinka rigunan matashin kai da wani yadi mai kauri, mai layi-layi kamar kunyoyin gona. Aikin ya riƙa barin ragowa mai yawa, duka yadi iri ɗaya, kauri ɗaya. Matan suka riƙa kwashe ragowar zuwa gida suna yin barguna da ita. A 2002 aka baje bargunan Gee's Bend a gidan adana zane-zane na birnin Houston, har da waɗanda aka yi da wannan ragowa, kuma a 2006 gidan waya na Amurka ya buga hotunan bargunansu a kan sarki. Ita ƙungiyar ta rufe a 2012. Ragowar ta yi amfani ne domin iri ɗaya ce, kuma hannu bai daina taɓa ta ba. Tamu ragowar ta fito daga gida hamsin, saboda haka sai mun fara da warewa.

Ranar fitar da kaya

A zaɓi rana mai haske, ba iska, ba hadari. A shimfiɗa tabarmi a inuwa, a fitar da kome da kome daga ɗakin, kada a bar ko ƙunshi ɗaya. Idan aka ce za a gyara kaya suna ciki, juya su kawai za a yi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ɗakin yana wofi sai maza biyu su shiga su duba gindin bango ko gara ta fara gini, su toshe ramin ɓera, su duba rufi inda yake yoyo. A share, a bar ƙofa da taga a buɗe.

A waje kuma, abu na fari shi ne a raba auduga da abin da ba auduga ba. Dā wannan ba wahala, gama tun da masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957 atamfar da ke kasuwanninmu ta auduga ce. Yanzu yawancin masaƙun Kaduna sun rufe tun farkon shekarun 2000, kuma akwai yadi da yawa a kasuwa mai zanen atamfa wanda aka saƙa da zaren roba, ko aka gauraya. Ido ba kullum yake ganewa ba, amma wuta tana ganewa. A yanki ɗan ƙyalle kamar farce, a riƙe shi da bakin tsohon almakashi bisa kwanon ruwa, a kunna masa ashana. Auduga takan ci kamar takarda, da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba takan ja da baya daga wuta, ta narke, ta bar ɗan dunƙule mai tauri. A yi wannan nesa da tarin kaya, kuma ba aikin yara ba ne.

Dalilin wannan rabawa babba ne. Auduga takan tsuke a wankin fari, roba ba ta tsukewa, saboda haka bargon da aka gauraya su yakan yamutse, ɗinki ya ja. Dutsen guga mai zafin da auduga ke so zai narkar da roba. Mafi muhimmanci kuma, a gidajenmu ana kwana kusa da wuta da hunturu, kuma yadin roba idan ya kama yakan narke ya manne a fata. Ba na goyon bayan a sa shi cikin bargon yaro ko na tsoho. A ajiye shi gefe domin jaka da abin rufe keke.

Bayan haka sai wanki. Duk audugar da ba a taɓa wankewa ba a wanke ta kafin a ajiye, domin ta tsuke tun yanzu, sitacin da ke jikinta kuma ya fita. Mutane sukan ɗora wa asu laifin kowane rami da suka gani a tufafi, amma asu ya fi son ulu. Abin da ke ɓata auduga a ajiya yawanci gara ce, da ɓera mai neman abin sheƙa, da kyankyaso, da waɗannan ƙananan ƙwari masu launin azurfa da mukan gani cikin tsofaffin littattafai. Su biyun nan na ƙarshe sitaci da dattin abinci ne ke jawo su. Wajen wankin a lura da mai zuba. A jiƙa farin tsumma a goga a kan ja da shuɗi da baƙi. Idan launi ya fito, a wanke wannan shi kaɗai har ruwa ya yi fari. Wanda ya ƙi dainawa kada ya shiga bargo, gama ƙyalle ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata aikin mako uku.

Wanda ya ruɓe, wanda ya yi fumfuna har ciki, da wanda in an ja shi da hannu biyu yake yagewa ba wuya, duka a fitar. Za a sami mai cewa, "A bari dai, wata rana zai yi amfani." Amsar ita ce a tambaye ta abin da zai zama, da ranar da za a yi shi. In akwai amsa, a rubuta sunanta a kai. In babu, ya tafi wajen goge keke da share benci.

Girma ya fi launi muhimmanci

Yawancin mata in aka ce su ware ƙyalle, da launi za su fara, ja nan, kore can. Yana da kyaun gani, amma atamfa ɗaya tana iya ɗauke da launi biyar, sai a ɓata yini ana gardamar inda za ta shiga. A fara da girma.

Duk abin da ya kai yadi ɗaya ko fiye, kada almakashi ya taɓa shi. Wannan shi ne iri na ɗakin ɗinki. Bayan bargo shi ke cin babban yadi, kuma shi ne abin da ƙungiya takan kashe wa kuɗi. Bargon mutum ɗaya mai faɗin inci 60 da tsawon inci 84 ya fi faɗin atamfa, wadda takan kai inci 45 ko ɗan fiye, saboda haka sai an haɗa tsawo biyu, watau kusan yadi 5. Kun ga turmi guda mai yadi 6 kusan duka zai tafi a bayan bargo ɗaya. Amma manyan ragowa uku ko huɗu in aka haɗa su za su yi wannan aiki kyauta. Nan ne kuma wurin atamfar taro da ta siyasa, masu hoton fuskar mutane da shekarar da ta wuce. Ba mai son sayen bargo da rabin fuskar ɗan takara a tsakiyarsa, amma a baya ba wanda zai damu.

Matsakaita, waɗanda suka fi tafin hannu biyu amma ba su kai yadi ba, a goge su a ninke su girma ɗaya. A sami katako ko kwali mai faɗin inci 6, a riƙa naɗe kowane ƙyalle a kansa a zare, domin duka su fito daidai. A jera su a tsaye cikin akwati kamar littattafai, gefen ninki yana sama. In an ɗora su bisa juna, na ƙasa ya ɓace ke nan, kuma duk mai neman abu sai ta rushe tarin. A nan za a iya raba su kashi biyu kawai, masu haske da masu duhu, gama abin da ke fid da zanen bargo daga nesa shi ne haske kusa da duhu.

Sai ƙananan, waɗanda su ne suka fi yawa, su ne kuma suke cika buhu ba amfani. Shawarata ita ce a yanke su tun yanzu bisa awo guda uku da ba za a sāke ba: murabba'i mai inci 6½, mai inci 4½, da mai inci 2½. Kowane ƙyalle a fid da mafi girman da zai iya bayarwa, sa'an nan na biye. Rabin incin nan da ke kan kowane awo na ɗinki ne, gama ana barin kwatan inci a kowane gefe. In an ɗinka, mai 6½ zai koma 6, mai 4½ ya koma 4, mai 2½ ya koma 2.

Ga amfanin waɗannan awo uku. Ƙanana 9 masu 2½, in aka jera su uku-uku aka ɗinka, za su fito daidai da babba ɗaya mai 6½. Haka kuma mai 4½ ɗaya da ƙanana 5 a gefensa biyu za su ba da 6½. Watau duk abin da ke cikin akwatunan nan uku yana shiga cikin juna, ko wace ce ta yanka, ko a wace shekara. Mace za ta iya ɗaukar ƙanana 90 ta tafi gida ta ɗinka da hannu da yamma, ta kawo manya 10 ranar taro, su dace da na 'yar'uwarta.

Lissafin kuma ba wuya. Bargon nan mai inci 60 da 84 yana cin manya 10 a faɗi, 14 a tsawo, jimla 140. Na jariri mai inci 36 da 42 yana cin 6 da 7, jimla 42. Yadi ɗaya na atamfa yana ba da manya 30. Saboda haka in aka ƙirga aka sami 140 cikin akwati, ƙungiya ta san tana da abin da ya kusa yadi 5 wanda ba ta biya ko kwabo ba. A labarin ciyar da mutum dubu biyar cikin Yohanna sura 6, gutsattsarin da suka rage an tattara su cikin kwanduna, an kuma ƙirga kwandunan, 12 ne. Ƙirgar nan ce muka fi mantawa da ita.

Abu ɗaya ke ɓata wannan tsari, shi ne ma'auni. In kowace mace ta yanka nata kwali, bayan wata guda za a sami 6½ iri huɗu, gama bakin kwali yana cinyewa. A sa maƙeri ko kafinta ya yanka ma'aunai uku daga falle na kwano ko siririn katako, ya goge bakinsu kada su yanki hannu, a huda su a rataye a ƙusa ɗaya. A zana da alli ko fensir a bayan ƙyalle, ana bin tsayin zaren saƙa. In an yanka a karkace, ƙyallen zai riƙa miƙewa wajen ɗinki.

Abin da ya rage bayan yankan, ɓarɓashin da bai kai inci 2½ ba, a tara shi cikin buhu ɗaya tak. In ya cika a cusa matashin zama da shi. Kada a buɗe buhu na biyu.

Inda za a ajiye

Kada kome ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bango. A ɗora akwatuna bisa kanta ko benci, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango domin a ga gara in ta taso. Adakar ƙarfe ta fi kome tsare ɓera, amma a shimfiɗa tsohon zane a ciki saboda tsatsa. Leda tana riƙe laima; ƙyallen da aka ɗaure cikinta da damina yakan fito da fumfuna. Rana kuma tana cin launi, saboda haka kanta kada ta fuskanci taga. A tsakiyar damina, in an sami rana mai kyau, a buɗe akwatuna a sha iska.

Akwai abubuwa biyu da nake roƙon shugabannin ƙungiyoyi su kula da su ƙwarai, gama sun wuce maganar asarar yadi.

Na ɗaya, a wurare da yawa ɗakin ɗinki shi ne kuma ɗakin ajiyar ƙungiya, keke a wannan gefe, takin zamani da maganin feshi a wancan. Yadi yana shan wari da ɗigon magani, kuma bargon da za a yi da shi zai kwana a fuskar yaro. Ƙwayar da ake sa wa wake a ajiya kuwa tana fid da iska mai kisa, ba ta da wurin zama a ɗakin da mutane ke yini. A raba ɗaki. In babu ɗaki na biyu, gara kayan ɗinki su koma gidan ɗaya daga cikin matan. Buhun taki da galan ɗin magani ma kada a zuba ƙyalle a ciki, ko an wanke.

Na biyu shi ne kafur, farar ƙwayar nan da iyayenmu suka saba jefawa cikin adaka. Likitoci sun tabbatar cewa sinadarin naftalin da ke cikinta yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini ga jariran da aka haifa da wani rauni na gado a jininsu, kuma wannan rauni yana da yawa a Afirka ta Yamma, musamman ga 'ya'ya maza. Jariri yakan kamu da shawara mai tsanani, wadda in ba a kai shi asibiti da wuri ba tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ko ta kashe shi. Shaƙar warin daga tufafi ma ya isa. Tun da bargon jarirai yana cikin abin da muke ɗinkawa, kafur kada ya shiga ɗakin ɗinki sam. Busasshen ganyen darbejiya da aka ƙulle cikin tsumma yana taimakawa, kamar yadda muke yi a rumbu, amma ainihin maganin shi ne wanki da bushewa da yawan dubawa.

Tsarin ɗakin kansa ba ya bukatar dogon bayani. Keke kusa da taga, haske yana zuwa ta hagu inda allura take. Teburin yanka ya kai ƙugun mai yanka domin kada baya ya yi ciwo, kuma ba a ajiye kome a kansa. Dutsen guga na gawayi a bakin ƙofa, bisa dutse, nesa da kanta. Almakashin yadi a ɗaura masa jan ƙyalle, kada a yanka takarda ko leda da shi. A ciro maganaɗisu daga lasifikar tsohuwar rediyo a riƙa bin ƙasa da shi bayan aiki, saboda allura da fil da ƙafafun yara. A rufe keke saboda ƙurar hunturu, a sa masa man keke. Man gyaɗa yakan daskare ya kama ƙarfen.

Aikin da aka fara ba a gama ba

In kun fitar da kaya za ku tarar da fuskokin barguna da aka ɗinka rabi aka bari. Waɗannan sun fi ƙyalle zafi, gama an riga an zuba musu zare da lokaci. Kowane ɗaya a sa shi cikin jakarsa tare da sauran ƙyallayensa, a rubuta sunan mai shi da abin da ya rage a yi. Wadda ta yi aure ta tafi, ko ido ya gaza mata, a nemi izininta wata ta ƙarasa. Wanda ba zai kai babban bargo ba a mai da shi na jariri. Sa'an nan taro ya yanke shawara cewa ba za a fara sabo ba sai an gama biyu daga cikin tsofaffin.

Akwai kuma zannuwan waɗanda suka rasu, da iyali sukan kawo wa zumunta. Kada a gauraya su da sauran, kada kuma a yanka kafin a tambaya. Sau da yawa abin da iyalin ke so shi ne a yi bargo ɗaya da su a mayar wa 'ya'yan marigayiyar, ko da ba su faɗa ba.

Magatakardar mata ta buɗe shafi a littafin ƙungiya: manyan yadi nawa, murabba'i nawa na kowane awo, wa ya kawo me, wa ya ɗauki me zuwa gida. Rigimar da ta fi raba ƙungiyoyin mata ita ce wadda ke farawa da "ina atamfata da na kawo?" A yarda tun farko, a gaban kowa, ko abin da aka kawo kyauta ce ga ƙungiya ko kuwa za a lissafta shi wajen rabon riba. Kowace hanya aka bi daidai ne, muddin an rubuta.

Game da karɓar sabon ƙyalle, telolin gari sun fi tara ragowa gab da Kirsimeti da Salla, kuma da yawansu za su yi murna a kwashe musu. A aiki mace biyu su zaɓa a shagon, su ɗauko auduga kaɗai, maimakon a karɓi buhu a rufe. Abin da ya shigo a wanke a yanka cikin makon, kafin ya sami wurin kwanciya. In akwatin wani awo ya cika, alama ce lokacin ɗinki ya yi, a dakatar da karɓa.

Lokacin da ya fi dacewa da babban gyaran shi ne watan Fabrairu ko Maris, bayan an sayar da bargunan hunturu, kafin sharar gona ta ɗauke hankalin kowa. Ƙananan murabba'ai kuwa ana iya harhaɗa su a gida duk tsawon damina, domin in an gama girbi a Nuwamba abin da zai rage shi ne sa ciki da baya.